Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ma'adanai kan kufan ramukan kwal na Enugu

Zuwa ga Mai Girma Ministan Bunƙasa Ma'adanai na Tarayya, Abuja.
Kwafi ga Shugaban Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, da Mai Girma Gwamnan Jihar Enugu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da masu taimaka maka. Allah ya yi riƙo da hannunka, ya ba ka ikon sauke nauyin da aka ɗora maka.

Da yawun mutane kashi biyu nake wannan rubutu. Kashi na farko Hausawa mazauna Enugu, waɗanda da yawa a cikinmu a nan aka yanke mana cibiya, a nan muka binne iyaye, a nan kuma muke neman abinci. Kashi na biyu 'ya'ya da jikokin tsoffin ma'aikatan reluwe da ke Kafanchan da Zariya da Kaduna da Minna da Makurɗi, waɗanda aka ciyar da su da albashin jirgin da ke cin kwal ɗin Enugu, ko da yake mafi yawansu ba su taɓa ganin ramin da ake haƙo shi ba. Ni ina cikin kashin biyu duka. Ba mu da ƙungiya, ba mu da sakatare ko hatimi. Magana ce da muka daɗe muna yi a bakin shago da bayan sallar Juma'a, aka ce tunda ni na fi kowa yawan ƙorafi, to in rubuta.

Maganar ita ce tsoffin ramukan kwal da ke gindin tsaunukan Udi, wato na Iva Valley da Onyeama da Okpara da 'yan'uwansu, tare da gine-ginen injuna da ke bakinsu. An daina aiki a cikinsu, amma ba a rufe su ba. Ramin kwal kuwa in ba a rufe shi yadda ya kamata ba, ba ya tsayawa don ma'aikata sun tafi. Yana ci gaba da fitar da ruwa, yana ci gaba da cin ƙasar da ke samansa, yana kuma jiran wanda zai leƙa.

Na san wani zai ce ina ruwan Bahaushe da ramin kwal a ƙasar Ibo. Ruwanmu kuwa har wuya. A 1909 Turawan binciken ma'adanai suka gano kwal a Udi. Dominsa aka kafa Fatakwal, dominsa aka shimfiɗa layin dogo daga can ya iso nan a 1916, dominsa kuma Enugu ta zama gari, har yau ana mata kirari da birnin kwal. Daga nan layin ya miƙe Arewa, ya ratsa Makurɗi ya kai Kafanchan, aka haɗa shi da Jos da Kaduna. Kafin a buɗe gadar Makurɗi a 1932, a jirgin fito ake tsallakar da taragai a kogin Binuwai. Dalar gyaɗar Kano, audugar Funtuwa da Gusau, fatu da ƙiraga, kuzar Jos, shanun da ake lodi a Nguru da Ƙauran Namoda: wutar da ta ja su zuwa bakin teku daga cikin waɗannan ramuka ta fito. Har jiragen ƙasa na Ghana, lokacin ana kiranta Gwalkwas, sun ƙona kwal ɗin nan. Kakana aikinsa ke nan, zuba kwal da shebur a bakin tukunyar jirgi tsakanin Kafanchan da Makurɗi, kuma har ya rasu gashin damtsensa bai sake fitowa ba saboda hucin wuta. Magajin garin Enugu na farko Malam Umaru Altine ne, Bafulatani daga lardin Sakkwato, wanda mutanen garin nan suka zaɓa da kansu a shekarun 1950. Kujerar da kake kai ma, ranka ya daɗe, Ɗan Masanin Kano Yusuf Maitama Sule ya zauna a kan makamanciyarta a jamhuriya ta farko, yana Ministan Ma'adanai da Lantarki, lokacin ramukan nan suna aiki ba dare ba rana. Saboda haka ba shisshigi muka yi ba.

Abu na farko da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne bakunan ramukan. Yawancin na Enugu ba irin rijiya ba ne a tsaye. Hanya ce aka fafe ta shiga cikin ƙirjin tsauni, ta bi jijiyar kwal tana rassa. Wannan ya sa suka fi yaudara, don mutum yana tsoron leƙa rijiya, amma ƙofar da ake shiga da ƙafa ba ta ba yaro tsoro. Na je ɗaya daga cikinsu tare da wani dattijo da ya yi ƙuruciyarsa a ciki. An noma rogo har kusa da bakin ramin, kuma akwai 'yar hanya da sawu ya daddale ta nufi ciki, alamar ana shiga. Wani sanyi ne ke busowa daga ciki mai warin tsatsa da ruɓaɓɓen itace. Na taka kamar zan matsa, dattijon ya riƙe mini hannun riga. Ya ce da suna aiki, fanka ce babba ke tura musu iska ba ta tsayawa, kuma ba mai shiga sai an riga an auna iskar. Yanzu fanka ta tafi. Iskar da ta daɗe a kulle a irin wannan wuri ba ta da abin da numfashi ke bukata, ba ta da launi, ba ta yi wa mutum gargaɗi. Jiri ne kawai, sai ƙafa ta saki, wanda ya shiga ceto shi ma ya bi. Ga kuma rufin ramin, wanda da gumagumai ake tokare shi, itace kuwa ba ya shekara da shekaru cikin laima bai ruɓe ba. A inda na tsaya ban ga shinge ba, ban ga allon gargaɗi ba ko da da alli.

Haɗarin bai tsaya a bakin rami ba. Yadda aka haƙi kwal a nan shi ne a cire wani sashe a bar wani ya zama ginshiƙi yana ɗauke da dutsen sama. Ginshiƙan nan suna gajiya. Ranar da suka murƙushe, ƙasar da ke sama takan zauna, in akwai gini a kai ya tsage. Enugu kuma faɗaɗa take yi, gidaje suna ta hawa gefen tsauni ta wajen Iva Valley da hanyar Ngwo. A cikin mutanenmu da suka sayi fili a waɗannan wurare ban san wanda aka taɓa nuna wa taswirar abin da ke ƙarƙashinsa ba. Yankin ma dama mai zaizayar ƙasa ne, kowace damina sai kwazazzabai sun ƙara baki.

Na biyu ruwa, kuma a nan zan ɗan daɗe, don shi ne ɓarnar da ke gudana kullum ba sai an jira hatsari ba. Duk wanda ya ga ruwan da ke fitowa daga tsohon ramin kwal zai gane shi: ja-ja ne kamar an jiƙa tsatsa, yana barin wani kauri mai ruwan ɗorawa a kan duwatsu, kuma ba ka ganin ko ɗan kifi a cikinsa. Dalilin ba asiri ba ne. A jikin kwal da dutsen da ke tare da shi akwai wani ma'adini mai haɗe da ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne lafiya lau. Da an fafe tsauni iska da ruwa sun same shi, sai ya riƙa fitar da asid, asid ɗin kuma ya narkar da ƙarafan da ke cikin dutse ya taho da su. Lokacin da ake aiki injuna ne ke zuƙe ruwan ramin, akwai masu lura da inda yake zuwa. Da injuna suka tsaya, ramukan suka cika, ruwan ya nemi hanyarsa. Masu bincike a jami'o'in ƙasar nan sun sha auna shi sun rubuta: na Onyeama yana gangarawa kogin Ekulu, na Okpara kuma kogin Nyaba.

Ranka ya daɗe, wanda bai zauna Enugu ba ba zai san darajar ruwa a garin nan ba. Ƙasar da garin ke kai ba ta ba da ruwan burtsatse yadda ake so, shi ya sa tankoki ke jigilarsa daga Ninth Mile, mai gida ya saya kamar yana sayen fetur. Wanda ba shi da kuɗin tanka ina zai nufa in ba rafi ba? A nan mata ke wanki, a nan yara ke wanka, masu wankin mota da masu buga bulo a nan suke ɗiba, masu lambu da shi suke ban-ruwa, makiyaya a nan suke shayar da dabba. A cikin 'yan garuwar da ke tura kura a unguwanni akwai yaranmu da yawa, kuma ba kowa ke tambayarsu daga ina ba, su ma ba kowa ya gaya musu abin da ke cikin ruwan ba. Mu mutanen Arewa mun riga mun ga abin da sakaci da dattin ma'adinai ke haifarwa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum, kafin hukuma ta farga. Ba na cewa ruwan Ekulu daidai yake da ƙurar Bagega, ɗaya daga cikin ƙauyukan nan na Zamfara, guba ce daban kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba. Abin da ya haɗa su shi ne a duka biyun an bar talaka ya gano da jikinsa abin da awo ɗaya zai iya gaya masa.

Abin takaicin, maganin wannan ba sai an sayo wata na'ura daga ƙasar waje ba. Inda aka damu, ana bi da ruwan ta cikin magudanar da aka cika da dutsen farar ƙasa don ya kashe kaifin asid, a tara shi a tafkuna tsatsar ta kwanta, sannan ya ratsa fadamar da aka shuka ciyayi masu tace ruwa kafin ya shiga kogi. Dutsen farar ƙasa ga shi nan a Nkalagu, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba. Cikin ciyayin da ake shukawa har da kacala, wadda ta hana manoman Haɗeja da Nguru sakat. Da za a tambaye su, kyauta za su bayar har su ƙara da godiya.

Na uku gine-ginen injuna. A bakin kowane rami akwai ɗakin da injin jan taragai yake, da na injunan zuƙe ruwa, da na fanka, da ɗakin fitilu, da maƙera. Wanda na shiga babu sauran kwano a kansa, an cire tagogi har da katakon da suke jiki, wata bishiya ta fito ta tsakiyar ɗaki ta wuce tsayin bango. A ƙasa akwai wani dandamalin kankare mai tsayi har ƙugu, da guntayen kusoshi masu kaurin wuyan hannu a jere a kansa. Nan injin ya zauna. Wasu kusoshin sun yi baƙi, wasu kuwa bakinsu na ƙyalli, yankan zarto ne na kwanan nan. Dattijon ya tsaya a inda mai tuƙa injin ke tsayawa, ya nuna mini da hannu yadda igiyar ƙarfe ke naɗewa a ganga tana jawo taragai cike da kwal, da yadda ake buga ƙararrawa daga ciki, bugu kaza a ja, bugu kaza a tsaya. A bayan hannunsa da goshinsa akwai wasu tabo shuɗi-shuɗi. Na tambaya, ya ce rauni ne da ya warke da ƙurar kwal a ciki, duk wanda ya yi aikin rami yana da su, da su suke gane juna a kasuwa. Sannan ya kai ni wani bango mai layukan ƙananan huji. Nan allon lambobi yake a da. Kowane lebura in zai shiga yana karɓar fitila ya bar lambarsa, in ya fito ya mayar ya ɗauka. Lambar da ta kwana a allo, an san akwai mutum a ƙasa. Allon ma an ɓalle shi.

A nan dole in faɗi abin da ba zai yi wa wasu 'yan'uwana daɗi ba. Sana'ar gwangwan a Kudu mafi yawa a hannun yaranmu take, kuma ba zan rantse cewa babu hannunsu a wannan ta'asa ba. Muna yi musu faɗa, sarakunan Hausawa ma suna yi. Amma ranka ya daɗe, yaron da ke yawo da buhu da ɗan maganaɗisu ba shi ne zai ɗaga injin da sai da ƙugiya ake motsa shi ba. Wannan aikin mai babbar mota ne, mai iskar yanka ƙarfe, wanda ya san ba mai tambayarsa takarda a hanya. Ɓarawon da ya tarar da gida ba ƙofa ba mai gadi shekara da shekaru yana da laifi, amma ba shi kaɗai ba. Kuma duk ranar da aka kama wani ɗan jari-bola da guntun kwangiri, gaba ɗayanmu ake zagi a gari. Wannan sakaci har zaman lafiyarmu da maƙwabta yana taɓawa.

Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi a zuciya, Iva Valley ba ramin kwal ba ne kawai. A bakinsa ne ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta a kan leburori, suka kashe 21, suka raunata 51. Mutanen nan ba su ɗauki makami ba. Rigimar kuɗin aiki ce da suke bin hukumar ramin, suka rage saurin aiki, aka ce an kore su, suka ƙi fita suka zauna a wurin. Gwamnati ta ji tsoron kada nakiyoyin fasa dutse su faɗa hannun 'yan gwagwarmaya, ta aika a kwashe su, a wurin kwashewar ne Baturen 'yan sanda F. S. Philip ya ba da umarnin harbi. Tarzoma ta tashi a Aba da Fatakwal da Anaca da Kalaba, 'yan siyasar da ba sa ga-maciji suka haɗu a kwamiti guda, aka kafa kwamitin bincike na Fitzgerald, kuma masana tarihi sun yarda cewa jinin nan ya ƙara wa neman 'yancin kai sauri. Sun kuma rubuta cewa daga Arewa aka kwaso da yawa daga cikin 'yan sandan da aka kawo Enugu a lokacin. Ban ɓoye wannan ba, don yana daga cikin dalilan da suka sa muke ganin muna da hakki a wuyanmu. Haka Bature ya yi mulkinsa, ya ɗauko talakan wani yanki ya ba shi bindiga ya tsayar da shi gaban talakan wani yanki. Yaranmu da nasu sun cancanci su tsaya a wurin da abin ya faru a gaya musu haka. Akwai mutum-mutumin tunawa da su a shataletalen New Market cikin gari, mun gode. Amma wurin da suka faɗi, ɗalibin da ya zo daga Kano ko Ibadan yana nemansa sai ya yi ta tambayar 'yan acaɓa.

Yadda aka kai ga wannan hali sananne ne. An kafa Kamfanin Kwal na Nijeriya a 1950, zuwa ƙarshen shekarun 1950 abin da ake haƙowa ya haura tan 900,000 a shekara. Daga nan komai ya juya: reluwe ta koma jiragen dizal, an sami man fetur a Oloibiri a 1956, Kainji ta fara ba da lantarki, yaƙin basasa ya tsayar da aiki daga 1967 zuwa 1970 ramuka suka cika da ruwa. An kawo injuna daga Poland a shekarun 1970 ba su dace da yanayin dutsen ba. Tashar lantarki ta Oji River da masana'antar siminti ta Nkalagu, manyan masu saye, su ma suka durƙushe. Zuwa farkon shekarun 2000 aiki ya tsaya, aka sa kadarori a kasuwa. Ba mu zargin kowa da mutuwar kasuwar kwal, zamani ne. Abin da muke tambaya shi ne, da aka zo rabon gado an ƙirga filaye da gidaje da ofisoshi, wa aka ba ramukan da ruwan da ke fita daga cikinsu? Kundin tsarin mulki ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne. Dokar ma'adanai ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa ya gyara wuri in ya gama, har ta tanadi asusun yin hakan. Gwamnatin da ke tilasta wa 'yan kasuwa wannan doka ita ce ta haƙa waɗannan ramuka da hannunta. Da wane baki jami'inka zai tsare mai haƙar kwal a Maiganga ta jihar Gwambe, ko a Okaba ta jihar Kogi, ya ce masa ya cike raminsa?

Ga abin da muke roƙo, kuma mun jera shi ne bisa gaggawa.

Kafin damina mai zuwa, a tura injiniyoyin ma'aikatarka su bi kowane bakin rami da kowace kafar shan iska, su sa musu ƙofar ƙarfe mai sanduna da aka dasa cikin kankare, wadda ruwa da iska za su wuce amma mutum ba zai wuce ba. Kada a toshe da ƙasa kawai, don ruwan da aka danne a nan zai ɓulle a wani wuri da ba a zata ba. A kafa allunan gargaɗi da Ibo da Turanci da Hausa, da zane don wanda bai yi karatu ba. Wannan aikin 'yan makonni ne, kuɗinsa bai kai na motar rakiya guda ba.

A riƙa auna ruwan Ekulu da Nyaba rani da damina, sama da inda ruwan rami ke shiga da kuma ƙasa da shi, a kuma faɗi sakamakon a rediyo da harsunan da mutane ke ji, ba a kulle shi a durowa ba. In ya nuna wani wuri bai kamata a sha ko a yi ban-ruwa ba, a faɗa ƙarara, a kuma samar wa mutanen wurin madadi. Sannan a fara aikin tace ruwan ko da a bakin rami ɗaya ne, a ga yadda zai yi.

A nemo taswirorin ramukan duk inda suke, a ofisoshin tsohon kamfanin ne, ko a gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa da ke nan Enugu, ko a Ingila, a ɗauke su a kwamfuta, a ba hukumar tsara birni kwafi, a kuma ba duk mai son gini damar dubawa. Takarda ba ta jure gara da ɗigar ruwa. Haka ma tsoffin leburorin: waɗanda suka rage sun manyanta, kuma akwai rassan rami da ba a taɓa zanawa ba sai a kansu. A aika ɗaliban jami'a su zauna da su da na'urar ɗaukar magana. Wanda kuma yake bin bashin fansho ko garatuti a biya shi, don ba kyau a je neman labari wurin mutumin da ake riƙe da haƙƙinsa.

Ga Shugaban Hukumar Gidajen Tarihi kuma, dokar 1979 da ta kafa hukumarku ta ba ku ikon ayyana wuri a matsayin abin tarihi na ƙasa, kamar yadda Gidan Makama a Kano da hasumiyar Gobarau a Katsina suke. Muna roƙon a ayyana bakin ramin Iva Valley da gine-ginen da suka rage a wurin. A sa mai gadi da albashi, a yi wa ɗakin inji rufi kafin bangon ya bi, a rubuta duk ƙarfen da ya rage a littafi da hotonsa, a sa sunayen mutum 21 ɗin nan a jikin dutse a inda suka faɗi. Ba sabon abu ba ne a wurinku, don a gidan tarihi na Jos kun adana kawunan jiragen ƙaramin layin dogon da ya haɗa Zariya da Jos, da kayan aikin kuza. A yankin Wales na Birtaniya akwai ramin kwal da ake kira Big Pit, an rufe shi a 1980, aka buɗe shi gidan tarihi a 1983, tsoffin leburori ne ke saukar da baƙi mita 90 ƙarƙashin ƙasa suna ba su labari, yankin kuma ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2000. Ba mu ce a shigar da kowa cikin ramukan Enugu ba, sun cika da ruwa, kuma mun fi kowa sanin halin gyaranmu. Abin da ke sama ya isa: ɗakin inji, guntun layi, tarago ɗaya ko biyu, da dattijon da zai yi bayani.

Muna jin ana maganar farfaɗo da haƙar kwal a jihar, ana kawo masu zuba jari. Wannan shawara ce ta gwamnati da mutanen da ƙasar take tasu, ba mu da ta cewa a ciki. Roƙonmu kawai kada a ba kowa lasisi a kan tsohon wuri sai an rubuta a cikin yarjejeniya wanda zai ɗauki nauyin tsohon ruwan da tsoffin ramukan, an kuma cire wuraren tarihi daga abin da katafila za ta taɓa.

Mu ma ba za mu naɗe hannu ba. Za mu zauna da shugabannin 'yan gwangwan na garin nan a kan kada a sayi ƙarfen da ya fito daga ramukan, kuma wanda aka kawo masa ya kai rahoto. In an tashi rubuta allunan gargaɗi, fassarar Hausa a wuyanmu take, ba ma son ko kwabo. In tawagarka ta zo, akwai waɗanda za su yi mata jagora har bakin kowane rami.

Muna fatan samun amsa a rubuce, ko ta jarida ce, mai ɗauke da sunan sashen da aka ɗora wa aikin da watan da zai fara. Ranar 18 ga Nuwamba, in Allah ya kai mu, wasunmu za su je Iva Valley tare da iyalan leburorin, kuma za mu so a ce akwai wakilinka a wurin.

Allah ya ƙara girma, ya sa a gama lafiya.

Naka cikin girmamawa,
Jikan wani tsohon ma'aikacin reluwe,
a madadin 'yan'uwa mazauna Enugu da zuriyar ma'aikatan jirgin ƙasa.